Mashin ɗina ba ya tashi da asuba, filogi sai baƙi yake yi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin mashin ku taimaka mini da shawara.

Gadi nake yi a wani sito a unguwar Gesse, Birnin Kebbi, daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe, gidana kuma yana Ambursa. Boxer ce da ni, na saye ta hannu. Tunda hunturun nan ya shigo, in na tashi aiki sai na yi ta buga kik har gumi ya karyo mini cikin sanyi. Na ja cok, na tura ta a giya biyu, da ƙyar take kamawa. Da yamma kuwa bugu ɗaya ta tashi, kamar ba ita ba.

Filogi uku na canja cikin wata guda. Kowanne in an kwance baƙi ƙirin, amma busasshe ne kamar bayan tukunya, babu danshin baƙin mai. Bakanike na farko ya wanke kafireto, kwana biyu abin ya dawo. Na biyu ko dubawa bai yi ba ya ce ringi ne, sai an buɗe inji. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don baƙin mai ba ya raguwa, hayaƙin salansa ma baƙi ne ba shuɗi ba. Fetur kam tana sha fiye da da.

Shin ƙurar nan ce ta toshe matatar iska, ko allurar kafireto ce ta cinye? Albashin maigadi ba ya ɗaukar gwaji, shi ya sa nake tambaya kafin in bari a buɗe inji. Wanne zan fara dubawa?