A Goge Ko A Bari?

Baba na Tukur-Tukur
A 1933 Bature Rupert East ya sa gasar rubuta littattafan Hausa a Zariya,
Littafi biyar suka tsira, har yau suna kan hanya.
Ganɗoki na saran "arna", takobi ba ya jin kunya,
Shaihu Umar kuwa bayi ne a Sahara suna shan wuya.
To malamai, mu goge ne, ko mu bar rubutu ya tsaya?

Hajiya ta Samaru
Baba, barka da hutawa, amma a duba benci:
Ɗan Wusasa Kirista da ɗan Kwarbai Musulmi na zaune cikin zumunci.
Malam ya karanta "arne" da ƙarfi, aji ya kwashe da dariya,
In an fita tara ta zama suna, nan ne cin mutunci.
Kalma ɗaya ce, a cire ta, yaro ya fita ƙunci.

Malam na Kongo
Hajiya, almakashi a waƙa shi ke karya kari:
"Arna" gaɓa biyu masu nauyi, "Maguzawa" huɗu a jeri.
A zube kuwa, cire sakin layi, shafi ya sauya tsari,
Malam na shafi na 40, ɗalibi na wani gari.
Jarrabawa ta ɗauko tsohon bugu, yaro bai san labari.
A Amurka an gwada a 2011 kan littafin Huckleberry Finn,
Kalmar zagi sau 219 aka mai da "bawa" a jeri,
Har 'yantacce ya koma bawa, gyara ya zam hatsari.

Baba na Tukur-Tukur
A bar matani, 'yata, a yi aiki a gindin shafi:
Lamba kan kalma, sharhi layi biyu, ba sai da zurfi,
Wa ya faɗa, a wace shekara, wa ta zame wa dafi.
Minti 10 na tarihi tukun, kafin karatu ya tafi,
Kalmar a gan ta da ido, kar a furta ta da ƙarfi.
Af, John Tafida na Wusasa ma cikin biyar yana da littafi.

Hajiya ta Samaru
Na yarda, Baba, amma ga 'yan babbar sakandare.
Ɗan shekara 9 ba ya leƙa gindin shafi a firamare.
Nasa a taƙaita, a buga "an taƙaita" a bango, kar a ɓoye an share.
In bugun da ke hannu ba shi da sharhi, malam ya ɗau alli,
Ya rubuta a allo, yara su kwafa a gefen shafi tare.