Matan Roma masu ciki da sigari: taba ce ke rage wa jarirai nauyi ko talauci?

Ummu_Iman:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ɗalibar ungozoma ce a Hangari, wannan zangon aka tura mu wani asibiti a arewa maso gabashin ƙasar inda al'ummar Roma suke da yawa, ba birnin Roma na Italiya ba fa, wata al'umma ce da asalinta daga arewacin Indiya suka taso tun ɗaruruwan shekaru. Abin da ke damuna shi ne mata da yawa da ke zuwa awo da warin sigari a jikinsu suke shigowa, wata ma tana fita ƙofa za ta kunna, ga ciki wata bakwai. Kuma jariran da muke ɗorawa a sikeli wallahi wasu ƙanana ne sosai, ko kilo 2.5 ba su kai ba, wasu bakwaini sai an kai su kwalba. Jiya wata yarinya da ba ta wuce shekara 19 ba ta ce min ai gara ɗan ya zo ƙarami, naƙuda za ta fi sauƙi, na rasa abin da zan ce mata. To dan Allah masu sani, tabar ce ke jawo wannan ko dai talaucin da suke ciki ne? Kuma ta yaya ake musu magana su ji?

Abu_Sadiq:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Tabar da kanta tana yi, wannan ba abin musu ba ne a likitance. Nikotin, wani sinadari da ke cikin taba, yana matse jijiyoyin jini har da na mabiyiya, sai abinci da iska su ragu wajen isa ga ɗan, sannan akwai wata guba a cikin hayaƙin da ke kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau wajen 200, ita ce ke tare wurin. Shi ya sa jaririn mai shan sigari yakan zo da ragin kamar giram 200 a matsakaici. Ga haihuwa kafin sati 37, ga mabiyiya ta ɓalle kafin lokaci, ga mutuwar jariri cikin barci bayan an haife shi. Maganar sauƙin naƙuda kuwa ki faɗa mata a hankali, ɗan da ya ƙanƙance saboda ƙarancin iska shi ne ya fi galabaita lokacin naƙudar, wani lokacin har sai an yi tiyata. Abin daɗin shi ne wadda ta daina a watanni ukun farko haɗarinta yana komawa kusa da na wadda ba ta sha, ko daga baya ta daina ma akwai riba.

Hajiya_Turai:
Malam duk abin da ka faɗa gaskiya ne amma ni na zauna a gabashin Silobakiya shekaru, na shiga unguwannin nan da ke bayan gari da ƙafata, kada mu ɗora komai a kan karan sigari. Binciken hukumar kare haƙƙi ta Tarayyar Turai na 2016 ya nuna kashi 80 cikin ɗari na 'yan Roma da aka tambaya suna cikin haɗarin talauci, kusan ɗaya cikin uku ba famfo a gidansu. Mutum takwas goma a ɗaki ɗaya, hunturu ya zo an rufe taga ruf an hura murhun itace, miji na sha, suruka na sha, ko ita mai cikin ta daina hayaƙi dai take shaƙa dare da rana. Kuma yawancinsu tun suna 'yan yara suka fara, ba yau ba. Ga ƙarancin jini, ga haihuwa kusa da kusa, abinci sai abin da aka samu. Mace a wannan hali ki ce mata kawai ki daina, to da me za ta rage damuwar?

Sannan 'yata akwai abin da ya kamata ki sani kafin ki ga kamar taurin kai ne. An yi shekaru ana juyar wa matan Roma mahaifa ba da yardarsu ba a tsohuwar Cekoslobakiya, har bayan rabuwar ƙasar. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta yanke hukunci kan Silobakiya a 2011 game da wannan, sai a 2021 gwamnatin ta nemi gafara, a shekarar ne kuma Jamhuriyar Cek ta yi dokar biyan diyya kurona 300,000 ga duk wadda aka yi wa. Wadda aka yi wa kakarta ko uwarta haka, in ta ga ma'aikatan asibiti da farin kayansu ba lallai ta saki jiki ba, wata ma sai ciki ya tsufa take zuwa awo, lokacin da dainawar ta fi amfani ya riga ya wuce.

Abu_Sadiq:
Hajiya ban ƙi taki ba ko kaɗan. Sai dai famfo da gida ba a hannun ungozoma suke ba, taba kuwa ana iya taɓa ta tun a wannan cikin, shi ya sa nake nacewa. Kuma an gwada hanyar da ke aiki, a Romaniya tun 2002 gwamnati ke ɗaukar mata 'yan Roma su zama masu shiga tsakanin unguwa da asibiti, Bulgariya da Silobakiya ma suna da irinsu. Ke a Hangari ai kuna da nos-nos masu bin masu ciki gida gida, ki nemi ta yankin ku yi aiki tare, kuma a kira mijin da surukar a zauna da su, ko a fara da cewa ba a kunnawa a cikin ɗaki.

Ummu_Iman:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Hajiya wallahi ban san labarin juyin mahaifar nan ba sai yau, jikina ya yi sanyi. Yarinyar za ta dawo awo ranar Talata, cikinta sati 14 ne kawai, ta ce tare da surukarta za su zo. Zan roƙi shugabarmu ta ba ni minti goma in zauna da su biyun kafin a kira ta ciki.