Kuɗi sun faɗa asusun wani: laifin mai turawa ko na manhaja?

Alhaji Sani, Mile 12: Jama'a, ni dai a wurina duk wanda ya tura kuɗi suka faɗa asusun wani, sakacinsa ne. Yaran shago sun koyi cewa wai manhajar banki ce ta ruɗa su. Waya tana danna kanta ne?

Maryam, Idi-Araba: Baba Alhaji, a gafarce ni, ban yarda ba. Lambar asusu goma ce. Tun 1956 masanin halayyar ɗan Adam George Miller ya rubuta cewa abin da mutum ke iya riƙewa a ka lokaci guda kusan bakwai ne, a ƙara biyu ko a rage. To ga hayaniyar kasuwa, mai baro na ihun a ba shi hanya, mai albasa na karanto lamba da baki. Dole wata ta kuɓuce.

Alhaji Sani: Ai sunan mai asusun yana fitowa kafin a sa PIN, 'yata. Karantawa ce ba sa yi.

Habu mai POS, Agege: Nan Alhaji ya fi ki gaskiya. Sai dai mu da muke wannan aiki safe da yamma, hannu ya riga ya saba. Shafin da ka gani sau ba adadi, ido ya daina karanta shi.

Maryam: Yawwa, Malam Habu, ka taya ni faɗa ke nan! Masu ƙera manhaja sun san haka sarai. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Paul Fitts, ya nuna a 1954 cewa abin taɓawa in yana da girma kuma yana kusa, hannu ya fi saurin kai masa. Sai a yi maɓallin turawa ƙato, kore shar, daidai inda babban yatsa yake, sunan mutum kuwa a can sama da ƙananan haruffa kamar ƙwayar gero. Yatsa ya isa kafin ido. Wa ya tsara hakan, yaron shago?

Usman, Alaba Rago: Shi ya sa ban rabu da lambar tauraro ba, wato USSD da ake tura kuɗi da ita ba tare da manhaja ba, tambaya ɗaya amsa ɗaya.

Habu: Ita ma in ka yi jinkiri ta katse, sai ka koma farko. Gaggawar nan ce ke jawo kuskuren.

Alhaji Sani: To a ƙara shafin gargaɗi mana.

Habu: Ranka ya daɗe, mako guda za mu karanta shi, daga nan shi ma mu riƙa danne shi.

Maryam: Sai dai ya riƙa fitowa kawai in asusun sabo ne, wanda ba ka taɓa tura wa ba.

Usman: Mai POS fa? Kusan duk asusun da yake tura wa sabo ne.