Neman shawara: in kama sunan wanda nake zargi a littafina, ko in bar maganar a buɗe?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara uku ke nan ina fama da wani littafi da Hausa a kan kisan matan da aka yi a unguwar Whitechapel ta gabashin Landan a 1888, zamanin Sarauniya Victoria, wanda har yau ba a san wanda ya aikata ba. Jack the Ripper ake ce masa, sunan da ya fito daga wata wasiƙa da aka aika wa wani kamfanin dillancin labarai a ƙarshen Satumbar shekarar. Littafin babi tara ne, kusan kowane babi da mutum ɗaya cikin waɗanda aka zarga. Da kuɗina zan buga, babu wani kamfani a bayana.

Ga inda na maƙale. A babin ƙarshe na rubuta ƙarara cewa Aaron Kosminski ne, wanzamin nan Bayahude ɗan asalin Poland da aka kai asibitin masu taɓin hankali na Colney Hatch a 1891. Hujjata uku ce: sunansa na cikin takardar da babban ɗan sanda Melville Macnaghten ya rubuta a 1894, Donald Swanson da ya jagoranci binciken ya rubuta sunan a gefen shafin wani littafi, sannan ga gwajin DNA da aka yi wa mayafin da aka ce na Catherine Eddowes ne, ɗaya daga cikin mata biyar da aka kashe. Wani abokina mai sayar da littattafai ya ce in rubuta "An gano makashin" a bango, in ba haka ba littafin zai kwana a shago. Ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya, domin mutumin nan bai taɓa tsayawa gaban alƙali kan wannan laifi ba. Don Allah ku ba ni shawara. Sannan ina da hotunan gawarwakin da 'yan sanda suka ɗauka, in saka su ko kuwa?

Tsohon malamin tarihi, Zariya:
Wa alaikumus salam, ɗana. Sannu da aiki. Rashin kwanciyar zuciyar nan taka kada ka raina ta, don hujjojin naka biyu na farko ba su kai ƙarfin da ka ba su ba.

Koma ka sake karanta takardar Macnaghten a hankali. Da farko dai, shi kansa bai fara aiki a Scotland Yard, hedikwatar 'yan sandan Landan, ba sai 1889, bayan an gama kashe matan biyar. Mutum uku ya lissafa, Kosminski ne na biyu. Na farko Montague Druitt, ya ce likita ne, alhali lauya ne kuma malamin makaranta, mai shekara 31, wanda aka tsinci gawarsa a kogin Thames ranar 31 ga Disamba 1888. Na uku Michael Ostrog, daga baya masu bincike suka gano yana kurkuku a Faransa a lokacin da ake kisan. To, takardar da ta yi kuskure a sana'ar mutum ɗaya, ta kuma saka sunan wanda ba ya ma ƙasar, yaya za ka jingina ran mutum na tsakiyar a kanta? Kuma "Kosminski" kawai ya rubuta, babu sunan yanka.

Rubutun Swanson ma haka. Ya ce wanda ake zargin ya mutu jim kaɗan bayan an kai shi Colney Hatch. Aaron kuwa ya rayu har 1919, a wani asibitin ma ya rasu, Leavesden. Ko dai Swanson ya manta, ko wani mutum dabam yake nufi. Kowanne ne, dole mai karatunka ya sani.

Sai ka tuna da John Pizer, mai ɗinkin takalma, shi ma Bayahude. Jaridu suka yi ta yayata shi da laƙabin mai bantan fata, unguwa ta ɗauki zafi har ya ɓuya a gidan danginsa. Aka kama shi ranar 10 ga Satumba, aka bincika, aka tarar yana da shaidun inda yake a daren kisan, aka sake shi. Tsoron irin wannan fitinar ne ya sa kwamishinan 'yan sanda Charles Warren ya sa aka goge rubutun alli da aka gani a bangon titin Goulston mai ambaton Yahudawa, tun kafin a ɗauki hotonsa. Baƙo matalauci mara lafiyar ƙwaƙwalwa shi ne mafi sauƙin ɗora wa laifi a wannan unguwa, kuma wannan kansa ya isa babi guda.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje:
Yayana, ni a kan mayafin zan yi magana, tunda ɓangaren aikina ne. 'Yan sanda sun lissafa kayan da ke jikin Catherine Eddowes ɗaya bayan ɗaya, babu wannan mayafi a ciki. Labarin da ya zo da shi shi ne wani ɗan sanda ya ɗauke shi ya kai gida, amma shi ɗan rundunar Metropolitan ne, dandalin Mitre inda aka kashe Eddowes kuwa yana ƙarƙashin wata runduna dabam, ta tsakiyar birnin. Daga nan ya shafe sama da shekara ɗari a hannun mutane kafin a saye shi a gwanjo a 2007. Hannu nawa ya taɓa shi? A wurinmu, samfurin da ba a san hanyar da ya bi ba, ba a yanke hukunci da shi.

Na biyu, irin DNA ɗin da aka gwada shi ne wanda ake gado ta wajen uwa kawai. Dubban mutane na iya yin tarayya a iri ɗaya. Yana iya cire mutum daga zargi, amma ba ya nuna mutum guda ya ce ga shi nan. Shi ya sa da aka wallafa sakamakon a wata mujallar kimiyya a 2019, masana da yawa suka soke shi. Ka ba da labarin mayafin, yana da daɗin karantawa, amma ka haɗa da wannan.

Ɗan Maraɗi:
Ni ban yarda ka ɓoye ra'ayinka ba. Mutum ya bi ka shafi ɗari da wani abu, a ƙarshe ka ce masa "Allahu a'alam" ka tafi? Marubuci ne kai, ka yi shekara uku a ciki, ka fi mu sanin wanda ya fi kama da gaskiya. Ka ce "a ganina zargin Kosminski ya fi na sauran nauyi, ga dalilina, ga kuma inda dalilin ya yi rauni." Abin da ban yarda da shi ba shi ne na bangon. Wannan alkawari ne da cikin littafin ba zai iya cikawa ba.

Alaramma:
Na goyi bayan Ɗan Maraɗi, da sharaɗi. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta ce wani sashen zato zunubi ne, aya ta 8 ta Ma'ida kuma ta hana ƙin wasu mutane ya sa a bar adalci. Mutuwar mutum da bambancin addininsa ba su halatta a yi masa shaidar da ba a tabbatar ba. "An zarge shi" gaskiya ce, ka rubuta. "Shi ne ya kashe" shaida ce, za a tambaye ka ita.

Uwar marubuta:
Ƙanina, babi tara na maza, su matan shafi nawa ka ba su? Tambayar da ta dame ni ke nan tun da na karanta saƙonka.

Ga su da ranakun da aka kashe su: Mary Ann Nichols, 31 ga Agusta. Annie Chapman, 8 ga Satumba. Elizabeth Stride da Catherine Eddowes a dare ɗaya, 30 ga Satumba. Mary Jane Kelly, 9 ga Nuwamba, ita kaɗai aka kashe a cikin ɗaki, ita ce kuma ƙaramarsu, wajen shekara 25. Sauran huɗun duk sun haura arba'in. Nichols 'ya'ya biyar ta haifa. A daren da aka kashe ta an sallame ta daga gidan kwanan haya saboda ba ta da kwabo huɗu na gado, Chapman ma rashin kuɗin gado ne ya fitar da ita titi cikin dare. Stride daga Sweden ta zo. Eddowes kuwa ƙarfe ɗaya na dare aka sake ta daga ofishin 'yan sanda na Bishopsgate, kafin ƙarfe biyu saura kwata an tsinci gawarta. Hallie Rubenhold ta rubuta littafi guda a kan rayuwarsu a 2019, ka nema. Mai karatun Hausa ya san bazawarar da ba ta da wurin kwana, ba sai ka yi masa dogon bayani ba. Ta nan zai shiga labarin, ba ta Yarima Albert Victor, jikan sarauniya da wasu ke zargi, ba.

Hotunan kuwa, don girman Allah kada ka saka, musamman na Kelly. Littafi a gidajenmu ba ya zama hannun mutum ɗaya, yara za su buɗe shi. Kuma ita ma 'yar wani ce, ba za ka so a yi wa taka haka ba.

Mai ɗab'i, Kano:
Malam, maimakon hotunan ka sa taswirar unguwar da wuraren biyar, za ta fi amfani, kuma ta fi fita da kyau a baƙi da fari. Ka nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Ɗakin Karatu na Ƙasa tun yanzu. Ka fara da kwafi kaɗan, in sun ƙare ka ƙara. Kafin a ɗora a inji ka karɓi samfurin ka duba ƙ da ɗ da ɓ shafi-shafi, har na bango, don wasu haruffan kwamfuta suna mayar da su akwati. Sunayen Turawan ma ka tsaya a kan rubutu ɗaya daga farko har ƙarshe.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maganar shekarar mutuwar Aaron na san ta, amma na tura ta can ƙasan shafi da ƙananan haruffa, don tana ɓata mini hujja. Zan dawo da ita tsakiyar babin. Zan faɗi inda zuciyata ta karkata kamar yadda Ɗan Maraɗi ya ce, in cire "An gano makashin" daga bango, hotunan ma na fasa.

Hajiya, na ƙirga: shafi shida kacal na ba matan, su biyar. Yarima Albert Victor kuwa, wanda takardun fada suka nuna yana Scotland a daren 30 ga Satumba, shi kaɗai ya ci goma sha ɗaya. Shi da likitan sarauniya William Gull, dattijo mai shekara 71 da ya riga ya gamu da shanyewar ɓarin jiki a 1887, zan haɗe su babi ɗaya gajere, gurbin da ya rage in ba matan babin farko. Baba, idan na gama sabon babi na tara zuwa Juma'a, zan iya turo maka ka duba kafin in kai wa mai ɗab'i?

Tsohon malamin tarihi, Zariya:
Turo, ɗana. Ka haɗo da babin Druitt.