Allo kaɗai ya isa, ko in bar wa agogon allura gurbi?

Mai tambaya, Aboabo, Kumasi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni da abokin aikina a Magazin ta Suwame, unguwar makanikai ta Kumasi, muna haɗa ƙaramin jirgi mai ɗaukar mutum biyu, Zenith CH 701, da injin Rotax 912 mai ƙarfin doki 80. Gangar jiki da fikafikai sun kammala. Da muka zo yanka farantin gaban matuƙi sai ra'ayi ya bambanta. Shi yana son mu sa allon Dynon SkyView guda ɗaya, ya nuna gudu, tsayi, karkatar jirgi, taswira da zafin inji, shi ke nan. Hujjarsa farantin ƙarami ne, kuma jirgin da mai da mutane ba a yarda ya wuce kilo 500 ba. Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. In allon ya ɗauke muna sama fa? Kayan nan da dala ake sayensu, ba za mu iya sayen komai ba. Me ya wajaba mu sa a gefe?

Tsohon makanikin jirgi, Nima:
Wa alaikumus salam ɗana. Hankalinka ya gaya maka gaskiya. Rotax 912 mai kabureta ba ya mutuwa don batir ya mutu, domin wutar fulogi daga jikin injin take fitowa, famfon mai ma injin ke juya shi. Ke nan wuta na iya ɗaukewa ƙaf, farfela na ta juyawa lafiya lau, kai kuma ba ka san gudunka ba. Ba ma sai allon ya lalace ba. Janaretan cikin injin bai wuce amfiya 20 ba, regiletarsa ba ta son zafi, ga jijjiga da ke kwance waya a hankali ba ka sani ba. Ku sa agogon gudu da agogon tsayi na allura. Iska ce ke motsa su, ba ruwansu da batir. Akwai ƙanana masu faɗin inci biyu da kwata, ba sa cin wuri. Ku ƙara kamfas da ƙwallon nan mai yawo cikin ruwa, mai nuna in jirgi yana zamewa gefe.

Matuƙi, Madina:
Baba ya yi magana, amma da izininsa zan ƙara abu ɗaya. Allurar gudu ba za ta gaya maka jirgi ya karkata ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in hazon hunturu ya sauko, sai ka tashi a kan Tafkin Volta ka rasa inda ruwa ya ƙare sama ta fara, duk fari fat. Jikinka zai rantse maka kana daidai alhali fiffike ɗaya ya yi ƙasa. Don haka ni Garmin G5 zan sa: ɗan allo ne mai shiga ramin agogo, yana nuna karkata da gudu da tsayi, batirinsa na kansa yana kai awa huɗu. Kuma tunda ba kamfani ɗaya ba ne da babban allon, kuskuren manhaja ɗaya ba zai kashe su tare ba. Shi ma SkyView ɗin ku saya masa batirin ajiyarsa, yana riƙe shi wajen awa ɗaya.

Sai dai don Allah, Malam, kada allo ya ba ku ƙarfin halin shiga hazo. Hukumar NTSB mai binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta fitar da bincike a 2010, ta ga ƙananan jirage masu allo ba sa yawan haɗari kamar masu allura, amma haɗarin da ake rasa rai ya fi yawa a cikinsu.

Injiniyar lantarki, Asawase:
Yayyena, kun manta zanzaro. Allon da allurar duk daga bututu ɗaya suke shan iska, wannan siririn na ƙarƙashin fiffike. In zanzaro ya cusa laka a ciki, duka biyun ƙarya za su yi maka, kuma bakinsu ɗaya. Boeing 757 na Birgenair da ya faɗa teku a Jamhuriyar Dominika a 1996, mutum 189 suka rasu, bututun nan ne ya toshe, masu bincike kuma zanzaro suka fi zargi. A rufe shi da murfi mai jan ƙyalle duk sanda aka ajiye jirgi, a leƙa ciki kafin a tashi. Sannan kafin ku taɓa farantin ku je GCAA, hukumar kula da jiragen sama ta Gana, ku ji abin da za su nema a gani, kada ku yanka ku dawo kuna faci. A filin Kpong an haɗa irin jirgin nan a Gana, can Patricia Mawuli, 'yar Gana matuƙiyar jirgi, ta koyi aikin, don haka ba baƙon abu ba ne a wurinsu.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Kuɗinmu ba zai kai G5 da allurai duka ba yanzu. Wanne za mu fara?

Tsohon makanikin jirgi, Nima:
Agogon gudu na allura, ɗana, a sama ta hagu inda ido ke fara sauka. Ku yanke ramin G5 tun yanzu ku rufe shi da faranti, ku ja masa wayarsa da fiyus nasa daban. Kafin ya iso, tashinku da rana ne kawai, sama na garau.