Harmoniyam a kirtan ɗin mabiya Sikh: a cire ko a bari?

Malam Habu: A 2022 Giani Harpreet Singh, wanda a lokacin shi ne shugaban Akal Takht, babbar kujerar shugabancin addinin Sikh, ya nemi a janye harmoniyam, akwatin kiɗa mai maɓallai da zugazugi, daga kirtan, wato waƙoƙin ibada, na Harmandir Sahib, babban wurin ibadarsu da ke Amritsar a Indiya, cikin shekara uku, a koma kayan tsirkiya: rabab, saranda, taus da dilruba. Ina bayansa. Waƙoƙin Guru Granth Sahib, littafinsu mai tsarki, bisa raga 31 aka jera su, wato tsarin karin waƙa, ran raga kuwa yana cikin zamewar murya daga sauti zuwa sauti, abin da suke kira meend. Mai dilruba yatsa yake ja kan tsirkiya, sautin ya lanƙwaso kamar na goge. Harmoniyam kuwa sauti 12 gare shi a kowane hawa, a kafe, tsakaninsu babu komai. Har tashar rediyon gwamnatin Indiya, All India Radio, sai da ta hana shi daga 1940 zuwa 1971.

Hajiya Rabi: Malam, ka manta da 'yan amshi. Kirtan ba kallo ba ne. Ragi, wato mai jan waƙar, ya ba da baiti, jama'a su ɗauka, kuma ɗaruruwan muryoyin da ba su koyi waƙa ba suna bukatar sauti mai ƙarfi da ba ya motsi. Dilruba manyan tsirkiyoyi huɗu gare ta, ga ƙanana wajen ashirin a ƙarƙashinsu. Zauren ya cika, zafi da damshi su taso, saiti ya kwance. Wa zai tsayar da ibada yana murɗa tsirkiya ɗaya bayan ɗaya?

Isa: Hajiya da gaskiyarki, amma ɓarnar da Malam yake ji tana nan, daga hannu take. Ka'ida ita ce a danne maɓallan Sa da Pa, sauti na farko da na biyar a hawa, su yi ta gunji a ƙasa, murya ta yi lanƙwasarta a sama. Mai koyo sai ya bi kowace gaɓa da yatsa, a hankali muryarsa ta koma tsalle-tsalle irin na maɓallan. Sai zugazugin: in aka matsa da ƙarfi, ƙarar ta danne kalmomin shabad, wato baitocin ibadar, alhali don su aka taru.

Malam Habu: To ai nan ne, Isa. Wanda ya taso da maɓalli a hannu, ina zai ji meend ɗin da zai kwaikwaya? Guru Nanak, wanda ya kafa addinin Sikh, da rabab ɗin abokin tafiyarsa Bhai Mardana ya yi kirtan. Harmoniyam sai a ƙarni na 19 ya shigo Indiya daga Turai.

Hajiya Rabi: A fara horar da masu tsirkiyar tukuna, Malam. Hannu ba ya nuna a taus cikin shekara uku, kuma ƙananan gurdwara, wato wuraren ibadar Sikh, na ƙauyukan Punjab ba za su jira ba.