Waɗanda suka taɓa shiga kallon wasa a Las Vegas, don Allah ku ba mu labari

Abu Hanan:
Salamu alaikum jama'a. Wurin aikinmu za su tura ni baje kolin kayan fasaha na CES da ake yi a Las Vegas farkon Janairu, madam kuma ta ce ƙafarta ƙafata, ga yarinyarmu 'yar shekara 9. Ni dai caca kawai na sani da garin nan, amma wani abokin aikina ya dage wai ko ba ka caca akwai wasannin dandamali da ba irinsu ko'ina. To wanda ya shiga da ƙafarsa nake so ya yi magana, ba wanda ya gani a YouTube ba. Wanne ne mutum zai kai iyalinsa bai fito yana sunkuyar da kai ba?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Mun je 2022 ni da maigida. Abin da ba wanda ya gaya min shi ne kusan duk zauren wasan a CIKIN gidan caca yake, kuma da gangan aka gina shi haka. Ka shigo ƙofar otal sai ka ratsa tsakiyar injinan nan masu ƙara da walƙiya, ga hayaƙin taba, ba taga ba agogo, kafin ka kai inda za ka. Ni da hijabina ina tafe ina jin kamar kowa ni yake kallo, alhali wlh ba wanda ya ɗaga kai, kowa idonsa na kan injinsa. Yarinyarku za ta iya wucewa tare da ku amma kar ta ja ta tsaya kusa da inji, duk wanda bai kai shekara 21 ba masu tsaro za su ce ku yi gaba.

Mu wanda muka kalla sunansa O, na kamfanin wasanni Cirque du Soleil, a otal ɗin Bellagio, tun 1998 ake yinsa. Dandamalin gaba ɗaya ruwa ne, tafki mai cin galan miliyan 1.5. Abin da ya tsaya min a rai har yau, mutum ya faɗo daga can kusa da rufi, tsayin zai kai bene hawa biyar, ya nutse, kafin in sauke numfashi sai ga wasu suna TAFIYA a daidai inda ya faɗa, ruwan ko idon sawu bai kai musu ba. Na ƙanƙame hannun maigida na ce waɗannan kam aljanu ne, shi ko yana ta min dariya. Ashe ƙasan ne ke hawa da sauka da inji, a ɗago shi ya zama daɓe, a sauke ya koma rijiya. Kuma wasu in sun nutse ba za ka sake ganinsu ba, akwai masu nutso da tukunyar iska a ƙasa suna jiransu, su ba su iska su raka su su fita ta baya. Awa ɗaya da rabi ba hutu. Kayan jikinsu dai irin na ninkaya ne masu ɗame jiki, ba tsirara ba ne amma ku san da haka.

Bakatsine a Dallas:
Malam tunda da yarinya ne kai ta na dawakai a otal ɗin Excalibur. Ƙasa suka zuba a tsakiyar zaure, mahaya sanye da sulke irin na Turawan da can suna sukuwa suna karo da masu, an raba 'yan kallo kowane ɓangare da sarkinsa, kuna buga tebur kuna ihu. Abinci kuma da hannu ake ci ba cokali, sai ka ga Bature ya rasa ta ina zai kama kaza. Ni kazar ban ci ba tunda ban san yankan waye ba, a dankali da miyar tumatir na tsaya. Gsky wanda ya tashi yana kallon hawan Sallah a Ƙofar Soro dawakin ba za su girgiza shi ba, 'yan kaɗan ne kuma filin ɗan ƙarami, amma yadda mutum ke faɗowa daga kan doki a guje ya miƙe lafiya lau, kuma gobe ya sake, wannan na sara musu.

Bazazzagi:
Ni nawa ba daɗi. 2019 ne, mu uku 'yan makaranta, muka tsaya a irin rumfunan nan da ke karyar da tikitin ranar, aka ce mana akwai na barkwanci da rawa, arha. Ba mu duba komai ba. Ba a yi minti goma ba aka fara abin da ba zan rubuta a nan ba, ga mai gabatarwa bakinsa ba linzami, kuma kujerarmu a gaba take har ya nuna abokina wai ya hau. Sum-sum muka fice, kuɗi sun tafi. Laifinmu ne fa, a jikin tikitin an rubuta shekara 18 ƙarara. In ka ga 18 ko 21 ka san me ake nufi. Sannan a bakin titi matan nan masu gashin tsuntsu a ka, sai an gama hoto suke cewa kuɗi, kowacce da nata. Akwai kuma masu kaɗa ƙananan katuna masu hotunan banza suna miƙo wa mutane, kar ka bari yarinyar ta karɓa ko ta ɗauka a ƙasa.

Direban Vegas:
Shekarata takwas a garin nan ina Uber, mafi yawa da dare, don haka ni 'yan wasan na fi sani ba wasan ba. Yawancin manyan wasannin sau biyu ake yi a dare, kwana biyar a sati, in an tashi na biyun wajen sha ɗaya sai ka ga suna fitowa ta ƙofar baya da jakar goyo kamar masu gadi sun tashi aiki. Na taɓa ɗaukar wata, gashinta na warin maganin ruwan ninkaya, ta ɗaura ƙanƙara a gwiwa, ta ce tun tana 'yar shekara shida ake lanƙwasa ta a ƙasarsu, yanzu damuwarta kuɗin haya da makarantar ɗanta. Da yawansu tsofaffin 'yan wasan motsa jiki ne, har da waɗanda suka je Olamfik, daga Rasha, Yukiren, Chana, Mongoliya. Lokacin korona da aka rufe gari a Maris 2020, gidajen caca suka buɗe a Yuni amma manyan wasannin sai tsakiyar 2021, na sha haɗuwa da su a layin ɗaukar abinci muna kai wa mutane gida tare.

Kuma aikin na da haɗari ba wasa ba. A wasan KÀ na otal ɗin MGM Grand, wanda dandamalinsa ke miƙewa tsaye kamar bango ana faɗa a jikinsa a rataye da waya, wata 'yar Faransa ta faɗo ta mutu a gaban 'yan kallo a 2013. Kafin nan a 2003 farar damisa ta cafki Roy, ɗan dabo mai wasa da namun daji, a wuya a otal ɗin Mirage ana tsakar wasa, daga ranar wasansu shi da abokin wasansa Siegfried ya ƙare, irin dai abin da ake ce wa gardawan kura kullum ba sa ji. Mirage ɗin ma an rufe shi Yulin 2024, don haka duk wanda ya ce maka ka je kallon dutsen da aka ƙera mai aman wuta a gabansa tsohon labari yake ba ka.

Abu Hanan, Janairu rana na faɗuwa kafin ƙarfe 5, za ka yi Magariba da Isha a ɗaki ka fito ka samu na ƙarfe 7. Kuma kar sunan hamada ya ruɗe ka, da dare sanyi ne sosai, ku zo da rigunan sanyi. In Juma'a ta same ka akwai Masjid As-Sabur da wasu masallatan.

Ɗan Damagaram:
Ni Sphere na shiga, ƙatuwar ƙwallon nan da aka buɗe 2023. Ba mutane ba ne a dandamali ranar, fim ne, amma allon ya lulluɓe ka har saman kai, giwa ta tako kujera ta girgiza, iska na bugun fuska. Muna can sama, matakalar a tsaye take kamar tsani, ƙanwata jiri ya ɗebe ta ta rufe ido kusan rabin lokacin. In madam na da jiri ku nemi ƙasa-ƙasa.

Hajiya Babba:
To 'yan dabon fa? Naji ana cewa su David Copperfield mutum suke ɓatarwa, ni abin nan bai kwanta min ba.

Direban Vegas:
Hajiya rufa ido ne da madubi da ƙofar ɓoye da saurin hannu. Penn da Teller ma wani lokacin da kofi mai garai-garai suke yin dabon don ki ga yadda ake yi, kuma duk da haka sai ya wuce miki.

Abu Hanan:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Madam ta karanta ta ce na ruwan take so, yarinya ta ce dawakai, aljihuna kuma ya ce ɗaya. Maman Ilham, layin gaba ruwa na fantsamo wa mutum ne ko kuwa?

Maman Ilham:
Yana fantsamowa kaɗan. Ku zauna tsakiya kun ma fi ganin masu faɗowa daga sama. Rawar ruwan da ake yi a waje gaban otal ɗin kuma kyauta ce, da dare duk minti 15, sai ku tsaya ku kalla in kun fito.